Malamin da kuka gayyato ya taɓa juya majinyaci kuwa?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, kwana huɗu ke nan ina rubuta wannan wasiƙa ina gogewa, ina jiran zuciyata ta huce. Ta ƙi hucewa, don haka ga ta nan yadda take.

Kusan minti 40 kuka ba malamin nan a shirin ranar Asabar, shi da masu bugo waya, kuma abin da aka watse da shi ɗaya ne: duk wanda ya kai uwa ko uba gidan kula da tsofaffi a Turai ya yar da su, ya ci amanar nono, ya jira nasa 'ya'yan su rama. Mai gabatarwa sai "haka ne, Malam" take yi. Wani ma da ya bugo har da cewa gara ya ga gawar ubansa da ya gan shi a irin wannan gida. Ba wanda ya tambayi yadda tsofaffin da ke ciki suke kwana suke tashi, balle abin da iyali za su yi idan an wulaƙanta nasu.

To ni na kai mahaifina. Ku sa ni a jerin 'ya'yan banzan.

Baba ya zo Ingila karatu a 1976, aiki ya riƙe shi, nan ya tsufa, nan muka binne mahaifiyarmu. A 2021 ɓarin jikinsa na dama ya shanye, daga baya mantuwa ta biyo. Wata 14 muna jinyarsa a falonmu, a bene hawa na biyu, ga yara uku. Ni abinci da magani, maigidana, Allah ya saka masa, wanka da tsarki da ɗagawa, bayan ya kwana yana tuƙa tasi. Baba ba ƙaramin mutum ba ne. Ranar da bayan maigidana ya riƙe, su biyun suka zube a banɗaki, ni da yarinya 'yar shekara 12 muka kasa ɗaga ko ɗaya. Ƙanena da ke Kaduna sau biyu yana neman biza ana hana shi. A Zariya da yanzu akwai ƙanne da 'ya'yan 'yan'uwa da maƙwabta, wannan ya kama kafaɗa wannan ya kama ƙafa. A nan daga ni sai bango. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Malam kuwa ko zauren gidan bai leƙo ba.

Amma ba kare kaina ya sa na ɗauki alƙalami ba. Irin maganar da kuka watsa ita ce ta kusa kashe mini uba, wannan nake so ku ji.

Saboda tsoron bakin mutane, wata bakwai ina ce wa matan masallacinmu Baba yana asibiti. Cikinsu akwai nas-nas biyu, akwai waɗanda aikin kula da tsofaffin ne ma sana'arsu. Da na buɗe baki sau ɗaya da sun gaya mini abin da zan duba. Na yi shiru. Ina zuwa ina ganin abubuwa, ina haɗiyewa. Kofin ruwa kullum a gefen damansa, hannun da ba ya motsi. Igiyar ƙararrawar kiran ma'aikata an naɗe ta an rataye a bango bayan gado. Leɓensa a bushe har ya tsage. Farce ya yi tsawo, da baƙin datti a ƙarƙashi. Haƙoransa na roba suka ɓace, aka ci gaba da ajiye masa nama da dankali, a zo a ɗauke farantin yadda aka kawo, a rubuta wai ya ƙi ci. Wandon da na saya masa daidai jikinsa ya koma sai an ɗaure. Wata rana na same shi cikin rigar sanyin wani, da sunan mai ita a wuya. In na tambaya sai a ce ai tsufa ne, ai masu mantuwa haka suke ramewa. Ɗakin kuwa an fesa turare, amma zarni na nan a ƙasan turaren. Fam 1,200 ake cira duk mako daga kuɗin gidansa da muka sayar, domin a Ingila duk wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250 shi ke biya wa kansa. Duk da haka ina shiga ina sunkuyar da kai kamar wadda ta zo roƙo, ina tsoron in yi magana su huce a kansa bayan na tafi.

Akwai kuma wata kunyar. Ni ce 'yar fari, sunan mahaifiyarsa gare ni, bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake cewa. Ta yaya zan ɗaga rigar Baba? A rayuwata ban taɓa ganin ko gwiwarsa ba.

Wata ma'aikaciya ce ta cece shi, 'yar zangon Kumasi. Ta ji ina yi wa Baba Hausa, ta yi makonni ba ta nuna tana ji ba. Ran nan tana goge tebur, ba ta ko kalle ni ba, ta ce a hankali, "Anti, ki duba bayan Baba. Kar ki ce ni na faɗa." Ta fita.

Na rufe ƙofa, na ce Baba ka gafarce ni, na karkata shi ina kuka. A ƙarshen ƙashin bayansa akwai wani ɗan bandeji da ya jiƙe ya ɗago. Ƙarƙashinsa rami ne, babban yatsana zai shige ya ɓace, gefensa baƙi, cikinsa ruwa-ruwa, warin kuma har yau in na tuna sai abinci ya fita raina. Dunduniyarsa ta dama ta yi baƙi ƙirin kamar an ƙona. A jikin gadon akwai takardar da suke sa hannu duk lokacin da suka juya shi, wai bayan kowace awa biyu. Agogona ya nuna uku da kwata na rana. Takardar an riga an sa mata hannu har zuwa ƙarfe shida na yamma. Allah ne ya ba ni dabara na ɗauki hotonta da waya kafin in kira kowa, domin da na dawo washegari kwasar kayansa wata sabuwa ce a wurin.

A asibiti nas ɗin da ke kula da raunuka ta ce mini gyambon kwanciya mataki huɗu ne, na Baba ya kai na huɗun, wanda ke cin nama har ya kusanci ƙashi. Ta ce ba a kwana ɗaya ake kai nan ba. Sannan ta faɗi abin da nake so kowane mai sauraronku ya ji: an koya wa yawancin ma'aikata su nemi wurin da ya yi ja, mu kuwa fatarmu ba ta yin ja. A jikin baƙar fata wurin duhu yake ƙarawa, ko ya yi shuɗi-shuɗi, ya yi ɗumi ko tauri fiye da kewayensa. Sai an sa hannu an taɓa, cikin haske. Dunduniya, kwankwaso, ƙarshen baya, gwiwar hannu, bayan kunne. Wannan bayani bai kai minti ɗaya ba. A cikin minti 40 ɗinku bai samu wuri ba.

Ita nas ɗin ce ta kai maganar sashen kare manya masu rauni na kansul, wato ƙaramar hukuma, sashen da a nan ake ce wa sefgadin. Ashe ni ma da na ɗaga waya tun ranar da na ga igiyar ƙararrawa a bango da sun saurare ni. Ba sai kana da hujja ba, ba sai kai ɗan'uwa ne ba, ko maƙwabci zai iya. Sashe na 42 na dokar kula da manya ta 2014 ya wajabta wa kansul ta bincika muddin akwai dalilin zargin ana cutar da mai rauni ko ana sakaci da shi. Sun bincika, hoton nan nawa ya yi aiki, suka rubuta cewa an yi sakaci.

Manajan gidan, da na nemi fayil ɗin Baba, sai ta tambaye ni takardar wakilci. Na ce ni 'yarsa ce. Ta ce wannan ba matsayi ba ne a doka. Abin haushi, gaskiya ta faɗa. Akwai takardar da ake kira LPA, mutum ya naɗa wanda zai tsaya masa kan lafiya ko kan dukiya, amma sai yana cikin hankalinsa ake yin ta. Baba ya yi ta dukiya, da aka zo ta lafiya ya ce fatan ciwo ake masa, muka yi dariya muka bari. Dariyar nan ta ci mini watanni. Duk mai tsoho a ƙasar nan ya lallaɓa shi su yi tun yana gane mutane.

Na kuma ɓata lokaci ina jiran hukumar CQC, mai sa ido kan gidajen, ta bi mini haƙƙi. Ba aikinta ba ne sasanta koken mutum ɗaya. Tana karɓar labari, tana iya kai ziyarar bazata, ta rage wa gida daraja ko ta rufe shi, kuma rahotonta kan kowane gida yana intanet kyauta, da na karanta kafin in zaɓa. Koke na kanka kuwa sai ka fara rubuta wa gidan, a rubuce ba da baki ba, in amsar ba ta gamsar ba ka wuce ofishin Ombudsman mai duba ƙananan hukumomi da gidajen kula. Kyauta ne, ko da kai ke biyan kuɗin gidan, amma suna so a zo cikin wata 12. In abin ya kai duka ko sakaci da gangan, na 'yan sanda ne: dokar 2015 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 ga ma'aikacin da ya yi haka, kuma kamfanin ma ana iya gurfanar da shi.

Na ɗauki lauya, irin waɗanda ba sa karɓar ladansu sai an ci shari'a, su ciri kasonsu daga diyyar. Ya ce a ƙa'ida shekara 3 ake da ita don shigar da ƙara, ko da yake ga wanda hankalinsa ya gushe irin Baba lissafin daban ne, kuma zan iya tsaya masa a kotu. Maganar tana nan ana yi. Da labari ya isa gida, sai ga saƙonni: ƙaddara ce, a bar wa Allah, za ki ci kuɗin ciwon ubanki? Mutanen da suka zage ni don na kai shi, su ne dai suka dawo suna zagina don na ƙi yafe wa waɗanda suka bar shi ya ruɓe. Ciwon ƙaddara ne, na yarda. Sa hannu a takardar ƙarfe shida tun ƙarfe uku fa? Diyya kuwa ba Bature ya ƙirƙiro ta ba, tana cikin Suratun Nisa'i, Malam ya fi ni sani. Kuɗin na Baba ne, katifarsa da jinyarsa za su biya.

Kada kuma a ce yaran da ke aikin nake zargi duka. Da yawansu namu ne, 'yan Najeriya da Gana da suka shigo bayan an buɗe bizar wannan aiki a 2022, kuma bizar a hannun mai gidan take, in ya kore ka zamanka ya shiga haɗari. Na sha zuwa da dare in ga mutum biyu a kan bene guda cike da tsofaffi. Baiwar Allahn nan ta Kumasi da abincinta ta yi caca don ta faɗa mini jimla biyu. Ko a gidan Orchid View da ke Sussex, inda mai binciken mace-mace ya yanke a 2013 cewa sakaci na da hannu a mutuwar tsofaffi biyar, wata ma'aikaciyar ofis ce ta kira 'yan sanda. Irin waɗannan ma'aikata suna sauraronku a hutun dare. Me ya hana a gaya musu za su iya sanar da CQC ba tare da ba da suna ba?

Baba yana nan da ransa, a wani gidan. Sai da gyambon ya yi wata takwas kafin ya rufe. Yanzu ba ni da ranar zuwa, in faɗo da asuba, in faɗo da sha ɗayan dare. Matan masallaci sun sani, kuma waɗanda na fi tsoron bakinsu su ne ke kai masa kunu ranar Lahadi. Duk zuwa sai na ce Baba gafara, na cire safa, na karkata shi na taɓa. Ran nan ya buɗe ido ya ce, "Uwata, likita kika zama?"

Ku sake shirin nan. Ku kawo nas, ku kawo lauya, ku kawo mai aikin kula da tsofaffi ko da za a sauya mata murya. In Malam zai dawo, ya fara kwana ɗaya tak yana juya majinyaci bayan kowace awa biyu, sannan a ba shi makirfo.

Tun da na riga na fara, don Allah ku yi wa mai haɗa muku sauti magana. Kiɗan da ake sakawa tsakanin labarai ya ninka muryar masu magana ƙarfi. In na ƙara sauti don Baba ya ji Hausa, kiɗan na shigowa sai ya firgita, tsohon da ke ɗakin kusa ya hau buga bango. Kuma shirin da kuke ɗorawa a Facebook sau uku ke nan yana yankewa a tsakiya.

Wassalam.

Mai sauraronku,
'Yar Zariya a Manchester