Takobi daban, zinare daban: amsa ga matashin da ya tambaye ni a rediyo

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida mahaifanka. Tambayarka ta shigo shirin wasanni na ran Asabar lokaci ya riga ya ƙure, mai gabatarwa yana ta nuna mini agogo, shi ya sa na ce zan ba ka amsa a rubuce inda kowa zai gani. Ga waɗanda ba su saurara ba, abin da ka ce shi ne: "Mushe, ku da kuka tsufa kuna koyar da motsa jiki a nan Tawa, ku gaya mana gaskiya. Ƙasar da ake ji da ita a kokowa, yaya aka je Wasannin Afirka a Accra aka dawo ba mu ji ɗan kokowarmu ya ɗauko zinare ba? Kuma in lambobin da muke samowa ba su taka kara sun karya ba, kuɗin jirgi da na masauki ba asara ba ne?"

Zuwan ba asara ba ne. Yadda muke shirya zuwan, a nan asarar take. Amma kafin mu kai can, sai ka san yadda ake karanta jadawalin nan na lambobi da ke ɓata maka rai.

An fara Wasannin Afirka a Brazzaville a 1965. Maƙwabtanmu na kudu sun karɓi baƙuncinsu sau 2, Legas a 1973 da Abuja a 2003. Na Accra da kake magana a kai sunansu na 2023, amma sai a watan Maris na 2024 aka yi su. Masar ta tashi da zinare sama da 100, Nijeriya na bi mata, sai Afirka ta Kudu. Wanda ya ga haka zai ce ai yawan jama'a ne da kuɗi, kuma da gaskiyarsa, sai dai ba ita ke nan ba. A wasan ɗaga ƙarfe, kowane ajin nauyi zinare 3 ake rabawa: ɗaya na ɗagawar farko, ɗaya na ta biyu, ɗaya na jimilla. Ƙato guda sai ya koma gida da uku a wuya. A ninƙaya mutum ɗaya yana iya shiga tsere da dama cikin mako guda. Ƙwallon ƙafa kuwa, ka kwashi yara wajen 20 da masu horaswa da likita, ka ciyar da su mako biyu, in Allah ya ba ka sa'a ka ci kofin, a jadawali zinare ɗaya tak za a rubuta maka. Gana da ta karɓi baƙi ta gane wannan lissafi sarai. An sa wasan lanƙwasa hannu a kan tebur cikin tsarin, ta shirya masa mutane, kuma kaso mai tsoka na lambobinta daga nan ya fito. Wato jadawalin nan yana nuna ƙasar da ta zauna ta duba inda lambobi suke da yawa ta tura 'ya'yanta can da wuri. Ba ya auna jarumtar mutane.

Mu 'yan Nijar fa, ina namu rabon yake? Tarihi ya riga ya nuna mana: wasannin gaba da gaba, mutum da mutum. Marigayi Isaka Dabore ya kawo mana tagulla a damben zamani daga gasar Olamfik ta Munich a 1972. Daga nan muka yi shekara 44 ba mu sake hawa dandamalin ba, sai da Abdul Razak Isufu Alfaga ya kawo azurfa a taekwondo daga Rio a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a Muju ta Koriya ta Kudu a 2017. Abin da mutane ke mantawa shi ne, shekara guda kafin Rio, a Wasannin Afirka na Brazzaville na 2015 ya ci zinare. Can ya gwada ƙashinsa da manyan nahiyar, can waɗanda ba su san shi ba suka fara tambayar wane ne wannan dogon yaro na Nijar. Da wani mai lissafi irin naka ya zauna a ofis a lokacin ya ce kuɗin jirgi asara ne, ka ga abin da da mun rasa. Ɗan wasan da bai saba da alƙalan waje ba, da sikelin waje, da ihun 'yan kallon da ba nasa ba, ranar da ya fita babban fili ƙafarsa rawa take yi ko da ya fi abokin karawarsa iyawa. Gasar nahiya ita ce makarantar wannan, kuma a taekwondo makin da ake tarawa a irin waɗannan gasa yana ɗaga mutum a jerin duniya. Tun daga lokacin Alfaga yara suka yi ta shiga wasan, maza da mata, har ya zama galibin abin da muke samowa a Wasannin Afirka daga taekwondo yake fitowa. Kada kuma mu ruɗi kanmu: a Jamus aka ƙarasa goge Alfaga. Ƙasa ta haifi yaron, kayan aikin na wasu ne.

To, mu zo kan kokowa, inda zuciyarka take, inda tawa ma take. A garin nan namu aka fara gasar takobi, wato gasar kokowa ta ƙasa da ake ba zakaranta takobi, a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka. A yau jihohi 8 ke kawo 'yan kokowa goma-goma, ƙasa ta tsaya cik, mai shago ya kunna rediyo, ma'aikaci ya sulale daga ofis. Duk wanda ya ga Isaka Isaka na Dosso a fili ya san Allah ya yi mana baiwa. Amma abin da ake yi a Wasannin Afirka wani wasa ne daban, suna kawai suka haɗa.

A wajenmu kaye ɗaya ne. Gindi ya taɓa ƙasa, ko baya, ko kai, magana ta ƙare, makaɗa su ɗauka, cali-cali ya shigo da abin dariyarsa. Saboda haka ɗan kokowarmu tun yana yaro abin da jikinsa ya koya shi ne kada ya yarda ya je ƙasa, in kuma ya kai abokin karawa ƙasa ya sake shi ya ɗaga hannu. A kokowar katifa kuwa, zuwa ƙasa farkon aiki ne. Ka kada mutum a ba ka maki 2 ko 4, wasa ya ci gaba, ya juyo ya hau bayanka ya mirgina ka sau biyu, ka ga ya wuce ka. Sai ka danne kafaɗunsa biyu a katifa, ko ka ba shi tazarar maki mai yawa, ko lokaci ya cika, zagaye 2 na minti uku-uku. Akwai ma nau'in da ake kira Greco-Roman, wanda ba a kama ƙafa ba a sa ƙafa, daga ƙugu zuwa sama kawai. Ka ɗauki gwanin kamun ƙafa na Adar ka ce masa ƙafa haramun ce, ai ka raba shi da rabin iliminsa. Sannan ga sikeli. A takobi ba ruwanmu da nauyi, ƙaramin mai dabara ya kan kada ƙato, kuma daɗin abin ke nan. Can kuwa aji-aji ne, a kokowar da ake kama ko'ina daga kilo 57 har 125, kuma wanda ya haura ajinsa ranar awo ko da kaɗan ne, ya yi zuwan banza. Riƙe nauyi ilimi ne mai zaman kansa: me za ka ci, yaushe za ka sha ruwa, yaya za ka rage kilo ba ka zubar da ƙarfi ba. Wanda ya saba a cika masa ƙwarya da fura a yanka masa rago don ya yi ƙarfi, ba a dare ɗaya zai koyi wannan ba.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a rediyo ba. Ɗan kokowar da ya yi suna a gida me zai kai shi katifa? Da kaka ta yi, gari-gari ake gayyatarsa. Ya yi kaye ɗaya mai kyau, attajiri ya miƙa kuɗi, wani ya ba da babur, wani buhun hatsi, makaɗi ya wasa shi har jikokinsa su ji. In ya ɗauki takobi kuwa an naɗa shi sarki, ga doki ga rawani. Sai ka ce masa ya bar wannan, ya sa matsattsiyar riga, ya cire layu da guraye, ya koma ɗan koyo yana shekara 28, yaron Masar ɗan shekara 20 da ya tashi a kan katifa ya mirgina shi a gaban duniya? Ni ban ga laifinsa ba in ya ƙi. Duk wanda ya ce a kwashi zakarun takobi a kai su sansani na wata guda a tura su gasar nahiya, so yake a kunyata su.

Hanyar tana wajen yara. Ɗan shekara 12 zuwa 14 da ke kokowa a dandali da dare, jikinsa bai riga ya kafe a kan kaye ɗaya ba. Yana da abin da kuɗi ba ya saye: daidaiton tsayuwa, ƙarfin ƙugu, sanin inda nauyin abokin karawa ya karkata, da rashin tsoron a kama shi. In aka samu katifa ko guda a babban garin kowace jiha, da malami ɗaya da ya san dokokin, yaro ya yi ta ƙasa da kaka, ya yi ta katifa lokacin lakkwal, ba wadda za ta hana wata. Makarantar INJS ta Yamai tana yaye malaman motsa jiki, abin da ya rage a ware wasu a ƙware da su a wannan fanni a raba su jihohi, maimakon kowa ya ƙare a busa usur na ƙwallo. Katifar kokowa ba ta kai kuɗin tafiya ɗaya ta ƙungiyar ƙwallo ba. Ina son Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasarmu, na yi murna da zuwanta gasar cin kofin Afirka a 2012 da 2013 kamar kowa, amma in maganar lambobi ake yi, jaka ɗaya da aka sa a katifa ta fi goma da aka sa a ciyawa.

Wata ƙofar ma ta fi kusa. Hukumar kokowa ta duniya tana da nau'in da ake yi a kan rairayi, a tsaye, cikin da'ira, wanda ya fara kai maki 3 ya ci. Wannan kusan tamu ce aka sa mata sikeli da agogo. Ana yin ta a Wasannin Bakin Teku na Afirka. Mu ba mu da teku, amma wa zai gaya mana rairayi? Kuma 'yan kokowarmu sun riga sun ɗanɗana awo a gasar ƙasashen yammacin Afirka, inda suka daɗe suna kai ruwa rana da 'yan Senegal.

Zan faɗi wata wadda na san wasu dattawa 'yan uwana ba za su so ba. Kusan rabin lambobin wasannin nan na mata ne. A Accra, 'yan matan Nijeriya sun kwashe zinare 6 na kokowar mata gaba ɗaya, ba su bar wa kowa ko ɗaya ba. Ƙasar da ta bar 'ya'yanta mata a gida ta shiga gasar da rabin ƙarfinta. Ban ce a tura 'yar kowa filin kokowa gaban maza ba. Amma taekwondo da judo da karate ana yin su cikin sutura, ana iya ware musu lokacinsu da malama mace, kuma 'yan matanmu da suka shiga sun nuna ba tsoro gare su ba. Uba ne zai yanke, ni dai na faɗi abin da lissafi ya nuna.

Inda na ba ka gaskiya ɗari bisa ɗari shi ne shiri. A shekarun da na yi ina aiki na sha ganin yaro ya ci zaɓe tun da wuri, a manta da shi, sai tafiya ta matso a aiko a ce ya hau mota ya zo Yamai gobe. Ya isa a gajiye, takalmin aro, fasfo bai fito ba, kuɗin abincin da aka yi masa alkawari sai bayan an dawo, in an ba shi ke nan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na kuma ga tafiyar da masu rakiya suka kusa kai 'yan wasa yawa. Wannan kuɗin kam asara ne, kuma kuna da haƙƙin ku tambaya. A 2005 Yamai ta karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci, har da kokowar gargajiya a cikin tsarin. An yi gine-gine, an yi biki, baƙi sun yaba. Gine-ginen sun tsaya, amma tsarin da zai riƙa ɗauko yaro daga Ƙonni ko Madawa ko Illela ya kai shi gaba shekara bayan shekara, shi ne ba a gina ba. Zamanin samariya da bikin matasa na ƙasa, duk da talaucin lokacin, yaron ƙauye yana da matakalar da zai hau daga garinsu zuwa jiha zuwa ƙasa. Yau in ba a Yamai kake ba, ko wani ɗan uwa ya ɗauke ka, da wuya a san da kai.

Wasanni na gaba a Masar za a yi su a 2027. In ni ake tambaya, a tafi da tawaga ƙarama: taekwondo da sauran wasannin gaba da gaba, da 'yan tsere kaɗan da suka cika ma'auni, kowane ɗan wasa an san da shi shekara guda kafin tafiya, ana biyan abincinsa da maganinsa. Kokowar katifa kuwa kada a sa rai da zinarenta a 2027. Yaran da za su kawo shi yanzu suke aji shida na firamare ko farkon kwaleji, sai gasar da ke bayan wannan, ko ta bayanta.

Tunda kana da bakin magana kuma ba ka jin nauyin kiran rediyo, ranar da aka gayyato shugabannin wasanni na jiha ko na ƙasa cikin shirin, ka kira. Kada ka tambaye su zinare nawa za su kawo, za su ce da yardar Allah da yawa. Ka tambaye su katifa nawa ke akwai a jihar Tawa, wa ke koyarwa a kanta, yara nawa 'yan ƙasa da shekara 15 aka auna aka rubuta sunayensu bana, kuma a tafiyar da ta wuce mutum nawa ne 'yan wasa, nawa ne masu rakiya. In sun ba ka amsa, ka aiko mini ta hannun mai gabatar da shirin.

Allah ya yi maka albarka.

Naka,
Tsohon malamin motsa jiki, Tawa