Kada ka tsallake hirar Baron

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ya aiki, ya baƙunta? Mu nan sai godiya. Saƙonka ya iso, kuma na ji daɗi ƙwarai da ka ce ka fara wasan bidiyon nan The Witcher 3. Sai dai akwai maganar da ta tsaya mini a rai, ita ta sa na zauna na rubuto maka da tsawo: ka ce da sun fara surutu sai ka danna ka wuce, kai faɗa ne ya kawo ka.

Ban ga laifinka duka ba. Mutum ya dawo daga aiki a gajiye, awa ɗaya gare shi, ga Turancin ƙauyawan cikin wasan ba irin na makaranta ba ne. Masu ƙera wasannin ma da nasu alhakin. Ka tuna Final Fantasy X na 2001? Ba a tsallake komai a ciki. Babban abokin gaba ya kashe ka, sai ka sake zaman kallon doguwar hirar da ka gama kalla yanzu-yanzu. Irin wannan ne ya koya wa yatsun mutane neman maɓallin wucewa tun kafin a buɗe baki.

Batun koyarwar farko bai dame ni sosai ba. Ka ƙi tsayawa Vesemir, tsohon malamin jarumin wasan, ya nuna maka riƙon takobi a Kaer Morhen, shi ya sa dodon nan mai fiffike na White Orchard ya wahalar da kai. Maganinsa sauƙi ne: ka riƙa sa Quen kafin ka shiga faɗa, garkuwa ce mai shanye bugu, sannan ka buɗe littafin dodanni ka ga man da ake shafa wa takobi don kowane iri. Ko a Elden Ring na 2022 mutane da yawa sun wuce kogon koyarwa ba su ma san da shi ba, don sai an dira cikin wani rami ake samunsa, kuma daga baya sun koya da shan duka. Wannan abin ramawa ne.

Labari kuwa ba ya ramuwa, musamman a wannan wasan. CD Projekt Red, kamfanin Poland da ya fitar da shi a 2015, ya ɗora shi ne a kan zaɓi. Ba da jimawa ba za ka isa Velen, ka haɗu da wani da ake kira Bloody Baron. Zai ce ka nemo masa matarsa Anna da 'yarsa Tamara, shi kuma ya ba ka labarin Ciri, 'yar riƙon jarumin da kake nema a wasan. Idan kana tsallakewa, abin da za ka gani kawai ƙaton mashayi ne mai aiken ka nan da can. Idan ka saurara, za ka shiga ɗakinsu ka ga alamun kokawa, ka gane guduwa suka yi saboda dukansa, daga baya ya zauna gabanka yana faɗin yadda gidansa ya rushe, kai kuma ka rasa tsanarsa za ka yi ko tausayinsa. Wallahi ban taɓa ganin wasan da ya nuna abin da giya da duka ke yi wa gida kamar nan ba. Can gaba wani ruhu da ke cikin bishiya zai roƙe ka ka sake shi. Amsarka ta shafi wasu marayu, ta shafi Anna, ta shafi shi Baron kansa. Ba zan gaya maka yadda ba. Amma wanda ya zaɓa bai ji bayanin ba, tamkar ya sa hannu ne a takardar da bai karanta ba. Hatta ƙarshen Ciri yana rataye da ƙananan abubuwa, har da ko ka yarda ka yi wasan jifa da ƙanƙara da ita a ranar da take cikin baƙin ciki.

Tunda ka ce kana son gwada Final Fantasy XIV bayan wannan, wanda ake yi tare da wasu ta intanet, ka san can abin har ya zama rigima tsakanin mutane. Akwai sansanin Praetorium da a da mutum takwas ke shiga tare. Tsofaffin hannu su tsallake labari su ruga gaba, sabon shiga yana kallo, kafin ya gama sun kashe kowa. A 2018 Square Enix, kamfanin da ya ƙera wasan, ya hana tsallakewa a wurin gaba ɗaya, a 2022 kuma ya sake fasalinsa ya rage shi. Ni ina ganin sun yi daidai, don sabon shiga sau ɗaya yake ganin abin a matsayin sabo.

Roƙona ɗaya ne. Ka kunna rubutun ƙasan allo, ka karanta, in ka gama layi ka danna zuwa na gaba, ba sai ka jira an gama furtawa ba. Idan lokaci ya yi ƙaranci, ka bar tattara ganye da buɗe akwatunan bakin hanya, ka ba hirar mintunan. Idan ka kai ga bishiyar nan, ka rubuto mini abin da ka zaɓa da dalilinka, sannan na gaya maka nawa.

Ka gaishe da uwargida da yara. Mutanen gida duk suna gaishe ka. Allah ya bar zumunci.

Wassalam,
Naka amini