A riƙa sanar da matafiya halin da hanyar Kano zuwa Abuja take ciki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan abin da ke ci wa masu zirga-zirga tsakanin Kano da Abuja tuwo a ƙwarya, wato rashin sanin lokacin isa. Tun da aka bayar da kwangilar sake gina wannan hanya mai tsawon kilomita 375 a ƙarshen 2017, in ka tambayi direba yaushe za a sauka, sai ya ce maka "in Allah ya kai mu", kuma gaskiyarsa ce, domin tirela ɗaya in ta faɗi a inda aka haɗe hannu biyu ya zama ɗaya, ko tankoki suka cushe a Tafa, tafiyar awa shida sai ta koma ta yini guda. Ni kaina na taɓa barin Kano bayan sallar asuba domin ganin likita da azahar, ban shiga Zuba ba sai da aka kira magariba.

Ba wai babu zaɓi ba ne. Akwai jirgin ƙasa daga tashar Rigasa ta Kaduna zuwa tashar Idu ta Abuja, wanda ya fara aiki a 2016, sai dai harin ranar 28 ga Maris, 2022 ya dakatar da shi har zuwa Disambar shekarar, kuma ɗan Kano sai ya fara isa Kaduna kafin ya hau shi. Wasu kan zagaya ta dajin Falgore da Saminaka zuwa Jos, su gangara Akwanga da Keffi, ga nisa ga tsadar mai. Taswirar da ke cikin waya kuwa takan nuna cunkoso, amma ba ta san dajin da ba a shiga bayan la'asar ba.

Waɗanda suka san wannan su ne direbobin haya. Kafin su gama lodi sun riga sun buga wa abokan aikinsu da suka kwana a hanya waya, sun ji ko Katari da Jere lafiya, ko an tare a Mararrabar Jos. Abin takaici, labarin a tsakaninsu yake tsayawa, kuma ɗan kamasho ba zai faɗa wa fasinja abin da zai sa ya fasa tafiya ba.

Saboda haka nake kira ga ƙungiyar direbobi da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da su haɗa kai da gidajen rediyon Kano da Zariya da Kaduna, a ware ko da minti biyar ne kowace safiya a faɗi da Hausa inda aka rufe, inda ake aiki, da awa nawa motocin jiya suka ɗauka, sannan a maimaita da azahar saboda masu tashin rana.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano