A yi gwajin jini tun kafin a sa rana, kuma a rufa asirin mai shi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin ƙauye a ƙaramar hukumar Bichi, shekarata 14 a bakin aiki. Ka ba ni fili in yi magana a kan dokar gwajin jini kafin aure, wadda Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a watan Mayun 2024. Ina tare da dokar nan har zuciyata. Na sha kwana da yaro mai sikila a cinyata, hannu da ƙafa a kumbure, ido ya yi ruwan ɗorawa, muna neman motar da za ta kai shi ƙarin jini. Lokacin da ake yin gwajin, da hannun da takardar sakamakon ke faɗawa, su ke damuna.

Bayan girbin bara wata yarinya a garinmu, an kai lefe, saura kwana tara ɗaurin aure, aka tura su gwaji. Ita AS, saurayin AS, wato kowannensu yana ɗauke da gadon sikila a jini amma ba shi da ciwon. Kawunta ne ya karɓo takardar, ya buɗe ta a ƙofar gida a gaban jama'a. Aka fasa auren. Kafin Juma'a gari ya ɗauka wai wance "sikila ce da ita a jini". Saurayin tuni ya yi aurensa, ba wanda ya ce masa kanzil. Ita kuwa har yau babu wanda ya sake yin sallama da ita. Mahaifiyarta ta same ni wajen awon ciki, ta ja ni gefe ta ce, "Malama, don Allah gaya mini gaskiya, shi ke nan 'yata ba za ta haifi lafiyayye ba?"

Na ce mata, Inna, ni da kike gani AS ce, 'ya'yana biyar babu mai sikila, domin babansu AA ne, wato ba ya ɗauke da gadon sikila. AS ba ciwo ba ne, kusan ɗaya cikin kowane 'yan Najeriya huɗu haka yake. Sai in ya haɗu da AS ɗan'uwansa ne magana ke tashi. Na ɗauko ƙwayar wake huɗu, uku farare ɗaya ja, na zuba a ƙoƙo, na ce jan shi ne yaro mai sikila idan AS ya auri AS. Na ce ta rufe ido ta zaro ɗaya, ta mayar, ta sake zarowa. Haka kowane ciki yake: za a iya zaro jan a ɗan fari, za a iya zaro shi sau uku a jere. Bayanin nan bai ci minti goma ba, amma babu wanda ya yi wa gidan nan shi ranar da aka miƙa musu takarda.

A rediyo muna jin inda duniya ta kai. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da Casgevy, maganin da ake ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jinin mai sikila, a gyara musu ƙwayar gado, a mayar masa. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne. Kafin a mayar ɗin kuma sai an kashe tsohon ɓargo da magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji, wanda kan iya hana mutum haihuwa. Duk wanda ya san abin da haihuwa take a gidan Bahaushe ya san wannan ba shawarar da likita zai yanke shi kaɗai ba ce. Na yi murna da maganin ƙwarai. Sai dai Najeriya, ƙasar da ake haifa mata jarirai masu sikila kusan 150,000 duk shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya, uba a cikinta sai ya sayar da akuya kafin ya sayi haidiroksiyuriya ta 'yan watanni, maganin da bincike a nan Kano ya nuna yana rage wa yaranmu haɗarin shanyewar ɓarin jiki.

Roƙona ga gwamnati, a kawo gwajin nan makarantun sakandare da na Islamiyya, da wajen rigakafin jarirai, yadda saurayi zai san jininsa tun bai fara zuwa zance ba. Takarda a ba mai ita a hannunta, a ɗaki, tare da wanda zai zauna ya yi mata bayani da Hausa. Liman da waliyyi abin da suke bukata su ji shi ne jinin ya dace ko bai dace ba. Malamanmu kuma su faɗa a huɗuba cewa yaɗa sakamakon 'yar mutane cin amana ne.

Yarinyar nan shekarunta 19. Jiya ta kawo ƙaninta allura, ta lulluɓe fuska da mayafi tun daga bakin ƙofa.

Wassalam,
Wata ma'aikaciyar lafiya, daga ƙaramar hukumar Bichi, Jihar Kano