Ladan wanda ya tsinto kuskure a littafi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana da masu rubuta littattafan lissafi da kimiyya, da kamfanonin da ke buga su.

Shekara 27 na yi ina riƙe da alli a makarantun sakandare nan Sakkwato kafin in ajiye aiki. Wata rana na ba ɗalibaina aikin gida: da'ira ce, daga tsakiyarta zuwa baki santimita 7, a nemo girman filinta. Duk wanda ya yi aiki da 22 bisa 7 zai samu 154. Ina cikin duba aikin sai na iske wata yarinya ta bi mataki ɗaya bayan ɗaya ba tuntuɓe, ta samu 154, sannan ta soke ta rubuta 145. Da na kira ta, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, wagga amsa tawa ba ta yi daidai da ta bayan littahi ba." Na buɗe bayan littafin. Mai buga shi ya musanya 5 da 4.

Abin ya tsaya mini a rai. Yarinya ta yi aikinta daidai, amma ta fi yarda da tawadar wani da ba ta taɓa gani ba a kan kwakwalwarta. Na rubuta wa kamfanin wasiƙa har sau biyu, da lambar shafi da komai. Shiru kamar an aiki bawa garinsu. Bayan shekara biyu sabon bugu ya fito da sabon bango da sabon farashi, 145 kuwa na nan daram.

Kwanakin baya ɗana da ke karatun kimiyyar kwamfuta ya ba ni labarin wani dattijo, Donald Knuth, farfesa a Jami'ar Stanford ta Amurka. Shi ne marubucin The Art of Computer Programming, wanda juzu'insa na farko ya fito a 1968. Mutumin nan ya yi alkawari cewa duk wanda ya riga kowa gano kuskure a littattafansa, ko na lissafi ne ko harafi ɗaya da ya kauce, zai aika masa da cak na dala 2 da santi 56. Wanda ya kawo shawara mai amfani kuma santi 32. Na tambayi yaron, me ya sa 2.56? Ya yi dariya ya ce, "Baba, kai da ka koya mana." Gaskiyarsa: a ƙidayar da ake yi da tushe 16, in ka rubuta 100 to 256 kake nufi, wato 16 sau 16. Tunda santi 100 ne dala, to santi 256 dala ɗaya ce ta masu kwamfuta. Ga manhajarsa ta tsara rubutun lissafi kuwa, mai suna TeX, ladan ya riƙa ninkawa duk shekara har ya tsaya a dala 327.68.

Abin mamakin shi ne, yawancin waɗanda suka samu cak ɗin ba sa kai shi banki. Gilashi suke sa masa su rataye a bango kamar takardar digiri. Wasu sun riƙa sa hoton cak ɗin a intanet, lambar asusun mutumin ta bayyana ga ɓarayi, don haka a 2008 ya daina aika cak na gaske, ya koma ba da takardar shaida daga wani banki na almara da ya raɗa wa suna San Serriffe. Mutane kuma ba su fasa ƙwaƙular littattafansa ba.

Ni da na ji labarin ban ga baƙon abu ba. A sallar asham, liman zai tsallake aya, yaron da bai kai ɗansa ba ya gyara masa daga sahu na uku, liman ya karɓa ya wuce, ba wanda ya ji an ci masa fuska. Wanda ya yi karatun zaure ya san yadda ake gwama kwafi da kwafi, a rubuta gyara a gefen takarda. A garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna yana rubuce-rubuce, ba sai an koya mana darajar harafi ba. To don me in an zo kan littafin boko gyara ya zama zagi? Na taɓa nuna wa wani marubuci kuskure a wurin wata bita, ya dube ni sama da ƙasa ya tambaye ni littafi nawa na taɓa rubutawa. Ai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kuma 145 da sauƙi, maki kawai za a rasa. A littafin masu koyon jinya, ɗigo ɗaya ne tsakanin 0.5 da 5. A littafin masu koyon haɗa wutar lantarki, kaurin waya da aka rubuta ba daidai ba gida yake ƙonawa.

Ba na cewa a ba mu dala. A sa lambar WhatsApp a shafin farko, a kuma samu mutum ɗaya da zai riƙa duba saƙon. Wanda ya fara kawo gyara a tura masa katin waya ko na naira 500 ne, a sa sunansa da na makarantarsa a bugu na gaba. Ɗalibin da ya san za a buga sunansa zai bi littafin nan layi-layi, karatun da bulala ta kasa sa shi. Kafin sabon bugu kuma, takarda ɗaya mai ɗauke da gyare-gyare ta isa a raba wa makarantu.

Ina da wani tsohon littafin rubutu mai jan bango da na tara kurakurai 63 daga littattafai 5, kowane da shafinsa da layinsa. Duk kamfanin da ke so ya nemi lambata a ofishinku, kyauta zan ba shi. Na farko a jerin, wato 145, ba ni na gano shi ba, don haka sunan ɗalibata za a sa.

Naku,
Tsohon malamin lissafi,
Mabera, Sakkwato.