Kafin a ɗaura aure, a tambayi yadda aka yi gwajin jinotayif

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu fili mu ja hankalin iyaye da waliyyai, musamman 'yan uwanmu na Agege, Idi-Araba da Mile 12, kan takardar jinotayif da ake kawowa kafin ɗaurin aure. Ana samun ma'auratan da takardunsu suka ce AA da AS, amma su haifi mai sikila. Nan take zargi ya faɗa kan baiwar Allah, alhali sau da yawa gwajin ne bai yi daidai ba.

Asalin sikila harafi ɗaya ne tak cikin haruffan DNA kusan biliyan 3, a ƙwayar halittar HBB da ke kan kuromosom na 11, inda GAG ya koma GTG. Shi ke mayar da hemogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iska a jini, daga nau'in A mai lafiya zuwa nau'in S, wanda ke sa jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu, kuma lissafin sabo ne a kowace haihuwa, ana iya jera uku masu ciwon.

Gwajin araha da ake ɗiga jini cikin ruwan magani a ga ya yi hazo yana nuna akwai S ne kawai. Ba ya bambance AS da SS, ba ya ganin C sam, wato wani nau'in hemogulobin na daban. Mai AC sai a rubuta masa AA, ya auri AS, a haifi SC, wanda shi ma nau'in sikila ne. Gwajin wutar lantarki da ke jera nau'o'in hemogulobin a kan takarda ya fi shi, amma in ruwan aikin ya tsufa ko ba a sa jinin awo, wato wanda aka riga aka san nau'insa, a gefe don kwatance ba, layukan sai su cakuɗe, mai karantawa ya yi kintace. Mai ɗauke da beta-talasimiya, wata larurar jini ta gado da in ta haɗu da S take haifar da sikila, shi ma AA yake fitowa. Na'urar HPLC, mai auna yawan kowane nau'in hemogulobin, ita ce ke tona shi, in nau'in da ake kira A2 ya haura kashi 3.5 cikin ɗari.

Wanda aka yi wa ƙarin jini ya jira wata uku, don jinin wani zai iya mayar da SS ya zama AS a takarda. In ba halin jira, a yi gwajin DNA, tunda daga fararen ƙwayoyin jini ake ciro shi.

Mililita 2 na jini sun isa gwajin, a kwalba mai murfi shunayya. Ka tsaya a rubuta sunanka a jikinta a gabanka, domin musayar kwalba kaɗai ta isa ta rusa gida. A maimaita a wani ɗakin gwajin daban. Gidauniyar Sikila ta Najeriya da ke Idi-Araba, daura da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH), tana ba da shawara kan haka.

Ga masu cewa ai an samu magani, gaskiya ne a 2023 Birtaniya da Amurka sun amince da Casgevy, maganin sikila da ke gyara ƙwayar halitta, sai dai dala miliyan 2.2 aka sa kuɗinsa a Amurka a lokacin. Muna roƙon limamanmu su riƙa duba sunan gwajin a takardar, kuma a yi shi tun kafin a kai kuɗin gaisuwa.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan ɗakin gwajin jini,
Agege, Legas