Koke zuwa ga Mai Martaba Sarkin Tawa kan jinyar 'ya'yanmu masu shan tramol

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin sarki.

Ranka ya daɗe, mu iyaye ne maza da mata daga unguwannin Tawa. Masu sayar da ƙwaya mun bar su da OCRTIS, hukumar yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, da jandarmomi. Kukanmu na yau a kan yaron da ya ce ya gaji, yana so ya bari, amma ya rasa inda zai dosa.

Da yawansu neman abinci ya jefa su. Wani ɗan kabo-kabo ne, wani ɗan dako, wani biɗa ya tafi haƙar zinariya a Jado, ya koyo shan tramol can don ya jure aiki. Ƙwayar da likita ke rubutawa miligiram 50 ce, ta bakin titi kuwa har 225. Ranar da yaro ya bari, sai rawar jiki, gumi, zawo, ciwon ƙashi, barci ya gagara. Wata daga cikinmu kwana uku ta yi tana riƙe da ɗanta bisa tabarma, tana goga masa jiƙaƙƙen zane. A na huɗu ya haura katanga.

Mai hali ya sayar da tunkiya ya kai ɗansa Yamai, tafiyar da ta wuce kilomita 500. A samu sauƙi, a ce a dawo ranar kaza. Zuwan farko a iya, na biyu a ci bashi, na uku a yi shiru. Yaro ya koma fadarsu ta shayi, abokan shan suna nan. Kuma wanda ya kwana biyu bai sha ba, in ya koma adadinsa na da, jiki ba ya ɗauka, sai faɗuwa kamar farfaɗiya ko numfashi ya ɗauke. Wannan ke hana mu runtsawa.

Ga kunya kuma. Da an ga yaro a sashen masu taɓin hankali, shi ke nan an sa masa suna, har auren ƙannensa mata ya shafa.

Muna roƙon sarki ya kai kukanmu ga Gwamna da shugabannin kiwon lafiya na jiha, a ware wurin jinyar shaye-shaye nan cikin Tawa, da ƙofarsa dabam, da magani mai rahusa. A horar da ma'aikatan likitocin unguwa su riƙa bin sawun wanda ya daina zuwa har gida. Dakar ta buɗe irin wannan cibiya tun 2014. A kuma ja hankalin limamai da masu unguwa, a daina ɗaure yaro da mari ana cewa magani ne.

Allah ya ƙara wa sarki lafiya.

Iyayen yara, birnin Tawa